Jarabar sayayya da shaye-shaye: yadda ake rabuwa da su

Yaya ake gane cewa sayayya ta zama jaraba?

Yawan kuɗin da aka kashe ba shi ne ma'auni ba. A duba abin da ke faruwa kafin saye da bayansa: mutum ya rasa sukuni sai ya saya, da kaya sun iso kuma daɗi ya gushe, nadama ta biyo baya. Alamomin da suka fi fitowa fili su ne kaya a ajiye ba a ko buɗe su ba, ɓoye wa iyali rasit, da cin bashi don biyan bashi. Likitan ƙwaƙwalwa na Jamus, Emil Kraepelin, ya bayyana wannan matsala tun 1915.

Me za a yi idan sha'awar ta taso?

Dofamin, sinadarin da ke ingiza mutum ya nemi abin da yake so, ya fi tashi a ƙwaƙwalwa lokacin da ake sa rai da abu, shi ya sa jira ke da amfani. Sha'awa takan hau ta sauka, galibi cikin rabin awa, idan ba a biye mata ba. Saboda haka a sa shinge tsakanin sha'awa da aiki. A goge lambar katin banki da aka adana a waya, a cire manhajojin sayayya, a toshe saƙonnin talla. Duk abin da ba dole ba ne, a rubuta sunansa a jira awa 48. A kuma ba wani amintacce damar ganin bayanan asusu duk mako.

Littafin lura ma yana taimakawa sosai, kodayake mutane kan raina shi. Tsawon mako biyu, a riƙa rubuta lokaci, wuri da halin da zuciya take ciki duk sa'ad da sha'awar ta zo. Yawanci za a tarar gajiya ce, ko kaɗaici, ko ɓacin rai.

Wani abin da ake mantawa: magungunan cutar Parkinson irin su pramipexole da ropinirole, da kuma aripiprazole, maganin taɓin hankali, na iya jawo sayayya ko caca ba ƙaƙƙautawa. Idan halin ya soma bayan sabon magani, a gaya wa likita, kada a daina shan maganin da kai.

Mai shaye-shaye zai iya dainawa lokaci guda?

Sigari, eh, wahalar ta fi tsanani a kwana na biyu da na uku. Amma wanda ya daɗe yana shan giya da yawa kullum, ko ƙwayoyin sa barci irin diazepam, dainawa farat ɗaya na iya kashe shi. Ga giya, karkarwa da gumi kan fara cikin awa 6 zuwa 24, farfaɗiya na iya biyowa, ruɗewa mai tsanani kuma bayan kwana biyu zuwa uku. Wannan aikin asibiti ne.

Kwana nawa sabon hali ke ɗauka kafin ya zauna?

Zancen da ake yi cewa kwana 21 sun isa ba shi da tushe mai ƙarfi. Binciken Phillippa Lally a Landan ya samu kusan kwana 66 a matsakaici, wasu mutane 18, wasu har 254. Tsallake rana ɗaya bai rushe aikin ba.

Idan an koma ruwa fa?

Ga mai sayayya, a mayar da kayan idan ana karɓa, a duba wane shinge ne ya karye. Ga mai shan tramadol, kodin ko hiroyin, haɗarin ya fi girma: bayan hutu jiki ba ya jure adadin da ya saba, tsohon awon zai iya tsayar da numfashi. Iyali su san alamun: barci mai nauyi, numfashi a hankali, leɓe ya sauya launi. A garzaya asibiti; maganin naloxone ne makarin irin waɗannan ƙwayoyi.