Albashi Na Shigowa, Gida Ya Gagara: Tambayoyi Kan Matasa da Tsadar Muhalli a Manyan Birane

Matashi ya gama karatu, ya samu aiki a babban birni, albashi na shigowa duk ƙarshen wata. Amma da zarar mai gida ya karɓi nasa, abin da ya rage bai wuce na abinci da kuɗin mota ba. Miliyoyin matasa na cikin wannan hali na hannu baka hannu ƙwarya, kuma da yawansu sun ɗauka gazawarsu ce. A ganina ba haka ba ne.

Yaushe ake cewa kuɗin gida ya fi ƙarfin mutum?

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne kashi 30 cikin 100 na abin da mutum ke samu. Daga Amurka ya samo asali. A 1969 aka yi dokar da ta hana karɓar fiye da kashi 25 daga mazauna gidajen gwamnati, a 1981 aka ɗaga shi zuwa 30. Wanda haya ke cinye rabin albashinsa kuwa ya shiga matsanancin hali. Sai dai ma'aunin yana da rauni, domin mai babban albashi zai iya ba da kashi 40 ya ci ya ƙoshi, mai ƙaramin albashi kuma ko kashi 25 na iya hana shi sayen magani.

Ga mai son saye, ana duba shekara nawa na albashi za su kai kuɗin gida. A Ingila, a 1997, matsakaicin gida ya kai kusan albashin shekara uku da rabi. A 2022 ya haura na shekara 8, a Landan kuma ya wuce na 12. A Hong Kong ya zarce ninki 20 na kuɗin shigar iyali a 2021, shi ya sa mutum sama da 200,000 ke zaune a gidajen da aka yayyanka zuwa ƙananan ɗakuna.

Me ya jawo tsadar?

Ayyuka masu tsoka sun tattaru a birane ƙalilan, jama'a sun bi su, gidaje ba su ƙaru daidai da jama'ar ba. Tushen ke nan. Abin da ke tsada a irin waɗannan birane fili ne, ba bulo da siminti ba. Kuma dokokin tsara gari a wurare da yawa sun hana a ɗora benaye a filin da ke kusa da wuraren aiki. Idan aka nemi izinin gina gidaje hamsin a unguwa, waɗanda suka riga suka mallaki gida a can ne ke fara tada ƙura, don ƙarancin gidaje shi ke ƙara wa nasu daraja. Matashin da zai zauna a sabon ginin ba ya wurin taron, bai ma san ana yi ba.

Gwamnatoci ma sun janye hannu. A Birtaniya, dokar 1980 ta zamanin firaminista Margaret Thatcher ta bai wa 'yan haya damar sayen gidajen ƙananan hukumomi da rangwame. An sayar da kusan miliyan biyu a Ingila, ba a maye gurbin mafi yawansu ba. Sai kuma masu kuɗi da suka mai da gida wurin ajiyar dukiya, da gidajen da aka cire daga haya aka mayar masaukin 'yan yawon buɗe ido ta manhajoji irin su Airbnb.

Me ya sa abin ya fi ƙona matasa?

Saboda kuɗin kafin alƙalami. Banki ba ya ba da bashin gida sai ka kawo wani kaso na farashin, sau da yawa kashi 10 zuwa 20. Ta ina ɗan haya zai tara wannan alhali hayar ce ke cinye abin tarawar? Kafin ya haɗa rabi, farashin ya ƙara gaba. An gudu ba a tsira ba.

Kuɗin ruwa ya ƙara dagula lissafi. A Amurka ruwan bashin gida na shekara 30 yana wajen kashi 3 a 2021, kafin ƙarshen 2023 ya haura kashi 7. Wanda ya ranci dala 300,000 a kan kashi 3 zai riƙa biyan kusan 1,265 a wata, a kan kashi 7 kuwa kusan 2,000. Gida ɗaya, albashi ɗaya.

Abin da ya fi damuna a nan shi ne yadda lamarin ya raba matasa gida biyu. Abokai biyu, aikinsu ɗaya, albashinsu ɗaya. Iyayen ɗaya sun ba shi kuɗin kafin alƙalami, yana biyan bashin gidan da zai zama nasa. Ɗayan yana biyan kusan adadin ga mai gida, bayan shekara goma ba shi da ko ƙofa. Ƙoƙari bai raba su ba, gado ne.

Ba almubazzaranci ne ke hana su tarawa ba?

Akwai mai ɓarna a kowane zamani. Amma tsimin kuɗin waya da na shaƙatawa ba zai cike ratar da ke tsakanin gida na albashin shekara uku da rabi da na shekara takwas ba.

Me ya hana su barin birnin, ko su zauna gidan iyaye?

Da yawa haka suke yi. A tsakiyar 2020, lokacin annobar korona, cibiyar bincike ta Pew ta gano cewa kashi 52 na Amurkawa 'yan shekara 18 zuwa 29 suna zaune da iyayensu. A Tarayyar Turai matsakaicin shekarun barin gida ya kai 26, a ƙasar Kuroshiya ya haura 30. Zama da iyaye ba abin kunya ba ne, kuma hanya ce ta tara kuɗi, amma sai wanda iyayensa ke zaune inda aikin yake. Wanda ya koma bayan gari kuwa yakan biya da lokacinsa da kuɗin mota abin da ya tsira na haya. Aure da haihuwa ma sukan jinkirta.

Idan gwamnati ta ƙayyade kuɗin haya fa?

Yana ceton wanda ke cikin gidan, wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma masu bincike na jami'ar Stanford da suka duba birnin San Francisco na Amurka sun gano cewa masu gidajen da dokar ƙayyade haya ta shafa sun rage gidajen da suke bayarwa haya da kashi 15, hayar sauran gari ta ƙaru. Sabon shiga, wato matashi, shi ya kwana a ciki. Birnin Balin na Jamus ya hana ƙara kuɗin haya a 2020, kotun tsarin mulkin Jamus ta soke dokar a 2021. Tallafin kuɗin saye ma yana da irin wannan cikas: idan gidaje ba su ƙaru ba, tallafin yakan ƙare a aljihun mai sayarwa.

Akwai inda aka yi nasara?

Akwai, kuma duka gini suka yi. A Viyena ta Ostiriya hukumar birni na da gidaje kusan 220,000, ta fara ginawa tun shekarun 1920, kuma wajen rabin mazauna birnin suna gidajenta ko na ƙungiyoyin da ke samun tallafi. Singafo ta kafa hukumar gidaje a 1960, yau kusan kashi 80 na 'yan ƙasar suna benayenta, galibi sun saya a kan yarjejeniyar shekara 99, ko da yake wanda bai yi aure ba sai ya kai 35 kafin ya sayi nasa shi kaɗai. Tokyo ta sauƙaƙa izinin gini, tana gina gidaje masu yawa duk shekara. Auckland ta New Zealand ta buɗe kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zama ga gini mai yawa a 2016, izinin gini ya yi tashin gwauron zabi.

Kafin a gyara, me matashi zai yi?

Ya haɗa kuɗin haya da na mota da na wuta wuri ɗaya kafin ya ce gida na da araha. Ya karanta takardar yarjejeniya, musamman sharaɗin ƙarin kuɗi da na sallama, kada ya bai wa dillali ko sisi kan gidan da bai gani da idonsa ba. Haɗa gida da abokai na rage nauyi, muddin an rubuta wa ke biyan me. Idan kuma aka kira taron jin ra'ayi kan sabon gini a unguwarsu, ya je ya yi magana, ya tafi da abokan hayarsa.