Dokar Butan da ta sa jin daɗin talaka cikin kundin tsarin mulki

Tun da aka fara tura man Agadem ta bututu zuwa gaɓar tekun Benin a 2024, muna ta jin ana cewa tattalin arzikin Nijar ya haɓaka. Lissafin da ake nufi, wanda masana ke kira PIB, kuɗin duk abin da ƙasa ta samar ne a shekara guda. Matar ƙauyen Adar da ke fita neman ruwa tun asuba, ba ta dawowa sai hantsi, ba ta cikin wannan lissafin.

Butan, wata ƙaramar masarauta a duwatsun Himalaya tsakanin Indiya da Sin, ta ƙi tsayawa nan. Sarkinta na huɗu, Jigme Singye Wangchuck, shi ya fito da ra'ayin cewa farin cikin jama'a ya fi yawan dukiya muhimmanci. A 2008 maganar ta shiga kundin tsarin mulki. Sashe na 9 ya ɗora wa gwamnati nauyin samar da yanayin da mutane za su iya neman farin ciki. A lura, dokar ba ta yi wa kowa alkawarin farin ciki ba, yanayin take bin gwamnati bashi.

Yaya ake aunawa? Ma'aikata kan bi gida-gida da tambayoyi, kamar yadda aka yi a 2010 da 2015 da 2022. Fannoni 9 ne, ma'aunai 33: lafiya, ilimi, abin hannu, kwanciyar hankali, amana tsakanin maƙwabta, har da awoyin aiki da na barci. Wanda ya wadatu da kashi 66 cikin 100 na waɗannan ma'aunai ana ƙirga shi cikin masu farin ciki. Sabuwar manufar gwamnati ma sai an ɗora ta a wannan sikelin. Sashe na 5 na kundin tsarin mulkin kuma ya wajabta aƙalla kashi 60 cikin 100 na ƙasar ya kasance daji har abada. Manomin Keita da ya ga yadda zaizaya ke cinye gona ba sai an yi masa bayanin wannan ba.

Akwai tabo. A farkon shekarun 1990, kimanin mutum 100,000 masu jin harshen Nepal sun rasa mazauninsu a Butan, suka ƙare a sansanonin gudun hijira. Su ba a bi su da tambayoyin ba, kuma wannan ba abin da za a kawar da kai ba ne.

Abin da nake so mu ɗauka shi ne awon lokaci. Hukumar ƙididdiga ta INS a Yamai tana binciken rayuwar magidanta. A riƙa bayyana wa jama'a, jiha-jiha, awa nawa mace ke ɓatawa a rijiya da neman itace, sannan a tsara kasafin kuɗi yadda awoyin za su ragu.