Juya sauti zuwa MP3: a karanta kafin a sake tambayata

Tambayoyin nan su ne kullum, daga direbobin hanyar Sakkwato har masu saya wa tsofaffi rediyo mai cin memori. Duk wanda ya sake kawo mini ɗaya daga cikinsu a shago nan Gusau, wannan rubutun zan nuna masa.

Na canza sunan fayil daga .opus zuwa .mp3 amma rediyo ya ƙi karantawa. Me ya sa?

Saboda suna ka canza, ba abin da ke ciki ba. Ko ka rubuta "shinkafa" a jikin buhun gero, gero ne dai a ciki. Sai manhaja ta kwance sautin ta sake ɗaure shi a sabon tsari. Ku daina wannan don Allah, kuna sa ni wahalar laluben asalin nau'in fayil ɗin.

To wane nau'i zan zaɓa?

MP3.

Ba an ce MP3 ya tsufa ba?

Ya tsufa mana. Tun 1993 aka fitar da ƙa'idarsa, kuma injiniyoyin cibiyar Fraunhofer ta Jamus ne suka yi yawancin aikin. AAC da Opus duk sun fi shi iya matse sauti. Amma tsufan nan ne amfaninsa: rediyon mota, ƙaramar sifika, waya mai madannai, babu wanda bai san shi ba.

Idan na ɗaga lambar kbps (yawan bayanan da sauti yake ci a kowace daƙiƙa) daga 64 zuwa 320, sautin zai ƙara kyau?

A'a. Abin da aka zubar lokacin matsewar farko ya tafi. Nauyi kawai ka ƙara, memori ta cika a banza.

Na tara tafsirin azumi na kwana 30 daga WhatsApp, na zuba wa Baba a memori. Rediyonsa wani ya karanta, wani ya tsallake, kuma ba a jere ba. Ina matsalar take?

Wannan kam ba zan yanke maka hukunci daga nesa ba, don ƙananan rediyoyin nan kowane da halinsa, ko da kwalinsu iri ɗaya ne. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da na fi zargi shi ne fayilolin ba nau'i ɗaya ba ne. Duba ƙarshen sunan kowanne. Wanda aka ɗauka da maɓallin saƙon murya na WhatsApp, Opus ne, a Android za ka ga sunansa ya fara da PTT. Wanda aka naɗa da iPhone galibi M4A ne. Tsofaffin wayoyi kuma AMR suke yi. Wayarka tana buɗe su duka shi ya sa ba ka lura ba, shi kuwa rediyon Baba mai yiwuwa MP3 kaɗai ya sani, wani lokacin da WAV ko WMA. Juya waɗanda ba MP3 ba. Waɗanda suke MP3 tun asali ka ƙyale su, kowace juyawa tana ɗan rage inganci.

Wajen juyawar, magana ba ta buƙatar lamba mai yawa. 64 ya wadatar, awa ɗaya za ta ci kusan MB 29, duka wata guda bai kai GB 1 ba idan kowane zama awa guda ne. In ka ga wurin zaɓar 44100 Hz (sau nawa ake ɗibar sautin a daƙiƙa ɗaya), zaɓe shi, shi ne ya fi karɓuwa. In kuma an ba ka zaɓi tsakanin CBR (lambar kbps a tsaye take) da VBR (tana hawa tana sauka), ɗauki CBR. Ba na cewa VBR ba ya aiki, amma wasu na'urorin suna rikicewa da shi, su nuna lokaci ba daidai ba ko su ƙi matsawa gaba.

Idan duk MP3 ne kuma bai karanta ko ɗaya ba, sai mu koma kan memorin. Wadda ta wuce GB 32 da tsarin exFAT take zuwa, yawancin ƙananan rediyoyi kuwa FAT32 suke ganewa. Kada ka wahalar da kanka, nemo ta GB 8 ko 16. In za ka yi mata fomatin, kwashe komai tukuna, don share ta zai yi tas, kada ka dawo kana cewa ban faɗa ba. Akwai kuma memorin jabu, mai nuna girman da ba ta da shi: fayilolin farko-farko su yi, na baya su lalace. In ka ga daga wani wuri ne komai ya daina buɗewa har a kwamfuta, to wataƙila ita ce.

Batun jeri ya fi ban haushi. Sa lamba a farkon suna: 01, 02, 03, ba 1, 2, 3 ba, in ba haka ba 10 zai riga 2 zuwa. Wannan yana gyara wa wasu. Wasu rediyoyin kuma ba ruwansu da suna, wanda aka fara zubawa shi suke fara karantawa. Ga irin waɗannan sai ka share memorin ka zuba ɗaya-ɗaya bi da bi. Ka kuma duba ko ba jikokinsa ne suka danna maɓallin da ke cakuɗa jeri ba. In duk ka yi wannan bai yi ba, gwada memorin a rediyon maƙwabci kafin ka zargi fayil. Kwantar da hankalinka, in dai karatun yana buɗewa a wayarka bai ɓace ba.

Da wace manhaja zan juya?

A kwamfuta, VLC. Kyauta ce, tana juyawa, tana kuma ciro sauti daga bidiyo. In kana son yanke wani wuri ko ɗaga murya, Audacity, ita ma kyauta. A waya akwai su da yawa a Play Store, sai dai ka yi haƙuri da talla.

Shafukan intanet masu juyawa fa?

Data biyu za ka kashe, ta ɗorawa da ta saukewa. Kuma saƙon muryar iyali ko maganar ciniki, kada ka ɗora wa shafin da ba ka san mai shi ba.

Waƙoƙin da na sauke a cikin Spotify, za ka fitar mini da su?

Ba zan iya ba. A kulle suke, cikin manhajar kaɗai suke buɗewa.

A wayata kawai nake son saurara, sai na juya?

Ba sai ka juya ba. Sauke VLC a wayar, kusan komai tana buɗewa.

Na kwafo tsohon kaset ya fito WAV, ya yi nauyi. In juya in goge na asalin?

Juya, amma kada ka goge. WAV mai ingancin faifan CD yana cin kusan MB 10 a minti ɗaya, MP3 na 128 kuma kusan MB 1, don haka MP3 ɗin za ka riƙa turawa mutane. Shi WAV ɗin adana shi a filash ko kwamfuta. Ranar da ka so rage ƙarar kaset ɗin ko sake yanka, daga shi za ka fara, ba daga wanda aka riga aka matse ba.