Wahalar haɗiya ga tsofaffi mazauna gida

Wahalar haɗiya, wadda likitoci ke kira disfajiya, ita ce kasa kai abinci, ruwa ko yawu daga baki zuwa ciki salin alin, ba tare da ƙwarewa ko maƙalewa a wuya ba. Tana yawaita da tsufa, kuma ga tsohon da ke zaune cikin iyalinsa takan daɗe ba a gane ta ba, don ana ɗauka ƙin abinci ne kawai irin na tsofaffi.

Haɗiya aiki ne na tsokoki fiye da 30. Haƙora su tauna, harshe ya dunƙula loma ya tura ta baya, maƙogwaro ya ɗaga sama, wani ɗan murfin guringuntsi da ke gindin harshe ya rufe hanyar iska, numfashi ya ɗan tsaya, sannan loma ta gangara. Da shekaru suka ja, ƙarfin harshe yakan ragu kamar na sauran tsokokin jiki, rufewar hanyar iska kuma takan ɗan makara. Wannan jinkiri shi kaɗai ba cuta ba ne. Yakan zama matsala idan wani abu ya hau kansa.

Babba cikin abubuwan da ke hawa kansa shi ne shanyewar ɓarin jiki, sai cutar karkarwa ta Parkinson da cutar mantuwa, inda mutum kan riƙe loma a kumatu ya manta da ita. Faɗuwar haƙora da haƙoran roba da ba su zauna daidai ba na hana tauna. Saboda haka ne Japan ta ƙaddamar da gangamin 8020 a 1989, mai burin mutum ya kai shekara 80 da haƙoransa 20. Bushewar baki ma na da nata rabo, kuma sau da yawa magunguna ne ke jawo ta: na hawan jini masu sa fitsari, na mura da ƙaiƙayi, da wasu na damuwa. Rashin fita da rashin abokin hira da na ci su ma ana danganta su da raunin baki.

Abin da ya fi ruɗa masu jinya shi ne ruwa zalla ya fi kunu mai kauri saurin ƙware tsoho, domin yana zubawa kafin hanyar iska ta rufe. Tsohuwar da ke haɗiye tuwo mai laushi da miyar kuɓewa lafiya lau na iya sarƙewa da kurɓi ɗaya na shayi, idanunta su kawo ruwa, muryarta ta koma kamar mai kurkure. Dambu, ƙuli-ƙuli da kilishi kuwa warwatsewa suke yi ko su ƙi taunuwa. Mafi haɗari shi ne wanda abinci ke shiga huhunsa ba ko tari, sai dai a ga zazzaɓi da limoniya suna ta dawowa, jiki na ramewa. A ƙasar Hausa akan ɗora laifin a kan beli a kira wanzami, alhali cire shi ba ya gyara raunin tsoka ko na jijiya.

Akwai hanyoyin gwaji masu sauƙi. Ma'aunin EAT-10, da aka wallafa a 2008, tambayoyi 10 ne kan haɗiya da ake ba kowace amsa maki, kuma jimillar maki 3 ko fiye na nuna a je asibiti. A Japan ana ƙirga sau nawa mutum zai haɗiye yawu cikin daƙiƙa 30. Ƙasa da sau 3 alama ce ta rauni. A gida ana zaunar da tsoho a miƙe, ba a kishingiɗe ba, a ba shi ƙananan lomomi, a wanke masa baki bayan ci, kuma kada ya kwanta sai an ɗan jima.