Idan Ɓarawo Ya Tsallaka Iyaka, Me Doka Ta Yarje wa Ɗan Sanda?

Ikon ɗan sandan Najeriya yana ƙarewa ne a inda ƙasar Najeriya ta ƙare. Idan 'yan fashi suka kora shanu daga wani ƙauye a Jibiya suka shige jihar Maraɗi, DPO ba shi da hurumin bin sawunsu da bindiga ya kamo su a can, ko da yana hangen ƙurarsu, domin yin haka keta hurumin wata ƙasa ne. Abin da ke hannunsa shi ne ya ɗauki bayanin masu ƙara, ya adana shaidu, ya aika rahoto ga kwamishinan jiha, daga nan zuwa ofishin Interpol (ƙungiyar haɗin gwiwar 'yan sandan ƙasashen duniya) da ke Abuja, wanda zai tuntuɓi takwaransa na Yamai.

Jama'a da dama sun ɗauka Interpol runduna ce mai kamen mutane. Ba haka ba ne. Ƙungiyar, mai hedikwata a birnin Liyon na Faransa, bayanai take rarrabawa, kuma jar sanarwar da take fitarwa roƙo ne ga ƙasashe su nemo mutum su tsare shi. 'Yan sandan ƙasar da yake ciki ne ke yin kamen bisa dokarsu.

Bayan kamu sai batun miƙa shi, kuma nan ne aka fi samun jinkiri. A Najeriya, dokar miƙa waɗanda ake tuhuma ta 1966 ta tanadi cewa buƙatar wata ƙasa za ta bi ta hannun Antoni Janar na Tarayya, sannan Babbar Kotun Tarayya ta duba ko akwai hujja, kuma ba a miƙa mutum saboda laifin siyasa. Wannan taka-tsantsan yana da amfani, domin shi ke hana a ɗauke mutum cikin dare a jefa shi wata ƙasa ba tare da alƙali ya saurare shi ba. Ƙasashen ECOWAS sun kuma rattaba hannu kan yarjejeniyar taimakon juna a shari'ar manyan laifuka a 1992, da ta miƙa masu laifi a 1994, sai dai ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar a Janairun 2025 ta raunana wannan ginshiƙi.

Abin damuwa shi ne iyakar Najeriya da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, kuma mai safarar makamai ko mutane yana tsallaka ta a kan babur cikin mintuna, alhali takarda tana iya shafe watanni tsakanin ofisoshi. Shi ya sa rahoton farko yake da nauyi ƙwarai: wanda aka sace wa mota ya hanzarta kai lambarta da lambar jikinta caji ofis, domin a shigar da ita rumbun bayanan Interpol na motocin sata tun kafin a sauya mata takardu a wata ƙasa.