Waya ɗaya, yara a gida: yadda uwa ke fara samun kuɗi ta intanet

Ina gida da ƙananan yara, waya kaɗai gare ni. Ta wace ƙofa kuɗin ke shigowa a wannan harka?

Ƙofar da kowa ya fi sani ita ce talla: ki ɗora bidiyo ko rubutu, kamfanoni su saka tallarsu a ciki, a raba kuɗin da ke. Akwai kamasho, wato ki nuna wa mutane kayan wani, duk wanda ya saya ta hanyarki a ba ki wani kaso. Akwai sayar da abin da kika haɗa da kanki, kamar ɗan littafi ko darasi. Sai kuma yi wa wasu aiki a biya ki: rubutu, fassara, gyaran rubutu, haɗa bidiyo.

Yawancin masu farawa talla suke zuba wa ido, alhali ita ce ke zuwa a ƙarshe. Aikin da za ki yi wa wani, mutum ɗaya kawai yake buƙata. Ɗan littafi yana son 'yan gomomin masu saye. Talla kuwa sai dubban masu kallo. Wadda ke neman kuɗi cikin wata biyu ko uku ta fara da aiki ko sayarwa, ta bar talla ta tarar da ita a hanya.

A kan me zan riƙa magana? Rayuwar uwa ai kowa ya san ta.

Kada ki ɗauki "rayuwar uwa" gaba ɗayanta, ta yi faɗi. Ki zaɓi abu guda da mutane ke tambayarki ba tare da kin tallata kanki ba: yadda ake koya wa yaro ɗan shekara huɗu harufa, ɗinkin kayan jarirai, tsara kuɗin cefane ya kai ƙarshen wata. Ga gwaji mai sauƙi. Ɗauki takarda ki rubuta tambayoyi 30 da za ki iya amsawa a kan batun ba tare da kin duba ko'ina ba. In kin maƙale a ta bakwai, batun ba zai ɗauke ki wata shida ba.

Sannan ki shiga akwatin bincike na YouTube ko Google, ki fara rubuta kalmar batun. Jimlolin da ke zubowa a ƙasa kafin ki gama, abin da mutane ke nema ke nan da bakinsu. Su za ki mayar taken bidiyonki. Abu ɗaya: maganin yara da shawarar lafiya a bar wa masu ilimin abin. Kuskure a nan ba a kanki kaɗai yake tsayawa ba.

Yaushe YouTube ke fara biya?

Sai kin cika sharuɗɗansu. Kafin a raba kuɗin talla da ke, ana son mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 da suka wuce. Mai yin gajerun bidiyo na Shorts kuma, mabiya 1,000 da kallo miliyan 10 cikin kwana 90. A 2023 an buɗe ƙaramin mataki na mabiya 500 da awa 3,000, amma wannan kyautar masu kallo yake ba ki damar karɓa, ban da kuɗin talla.

Awa 4,000 minti 240,000 ke nan. Idan kowane mai kallo yana tsayawa minti huɗu, kina buƙatar kallo 60,000. Idan minti ɗaya yake yi ya wuce, sai 240,000. Shi ya sa daƙiƙa 30 na farkon bidiyo suka fi komai tsada. Doguwar gaisuwa da roƙon a danna ƙararrawa kafin a faɗi komai, su ke korar mutane. Faɗi tambayar, fara amsawa.

To in na cika, nawa zan samu, kuma yaya kuɗin ke isowa hannuna?

A dogon bidiyo kashi 55 cikin 100 na kuɗin talla naki ne, a Shorts kashi 45. Bidiyon da ya kai minti takwas ana iya saka masa talla a tsakiya. Amma abin da kallo 1,000 ke kawowa ya danganta da ƙasar masu kallonki da irin batun, domin masu talla ba kuɗi ɗaya suke biya a ko'ina ba. A ɗauka dala ɗaya ce: kafin ki tara dala 100, wadda ita ce mafi ƙarancin abin da AdSense, tsarin Google mai biyan kuɗin talla, ke turawa, sai an kalle ki sau 100,000. Ɗan littafin dala uku kuwa mutum 34 sun kai ki wurin.

Wajen buɗe asusun AdSense ne ake yawan tuntuɓe. Dole ki kai shekara 18, sunan da kika rubuta ya zo daidai da na katin shaidarki. Idan kuɗin ya kai dala 10, Google na aiko da lamba mai alƙaluma shida a takarda ta gidan waya, don haka adireshin da wasiƙa ba ta isa gare shi yana iya tsayar da komai. Ki cike fom ɗin harajin Amurka ko da ba can kike ba, in ba haka ba ana iya cire har kashi 24 cikin 100 na duk abin da kika samu. Biyan kuma tsakanin 21 da 26 ga wata yake fita.

Mai niyyar dogara da tallar AdSense a rubutu zalla ta san cewa Hausa ba ta cikin harsunan da suke karɓa. Rubutun Hausa ta hanyar sayarwa da aikin biya yake kawo kuɗi.

Wane kayan aiki ne dole?

Waya mai ɗaukar bidiyo tar, wato 1080p, abin kafa ta, da ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga. In kuɗin abu ɗaya gare ki, sayi makirufo. Mutane na haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma ba sa jure muryar da ke fitowa kamar daga cikin rijiya.

Ki fuskanci taga, kada ki ba ta baya, in ba haka ba fuskarki za ta yi baƙi ƙirin. Goge gilashin kyamara da gefen mayafi, don hannun yara ba ya barin sa. Kashe fanka. Sa wayar a yanayin jirgin sama, kada kira ya yanke ɗauka a tsakiya. Ɗauki daƙiƙa goma ki saurara kafin ki zuba minti goma. Dogon bidiyo a kwantar da wayar, Shorts a tsayar da ita.

Ina lokacin yake, ga goyo ga aikin gida?

Ba kullum ake ɗauka ba. Ki raba aikin bidiyon kashi biyu: mai son shiru da wanda hayaniya ba ta ɓata shi. Ɗauka ce kaɗai ke son shiru, ita za ki ajiye wa lokacin barcin yara, ki yi bidiyo biyu ko uku a zama ɗaya. Tsara abin faɗi, yanka da haɗawa, duk ana yin su da yaro a cinya. Bidiyon minti takwas kusan kalma 1,000 ne, don haka rubuta kanun maganar a takarda, ki riƙa ɗauka gutsure-gutsure. In jariri ya farka a minti na uku, gutsure ɗaya kika rasa. Bidiyo ɗaya a mako, wata shida a jere, ya fi bakwai a makon farko sannan shiru.

Ɗan littafin da ake ta faɗa, yaya ake haɗa shi?

Tambayar da aka fi yi miki ita ce littafin. Shafi 15 zuwa 25 sun isa, muddin mai karatu zai rufe shi ya tashi ya yi abin. Rubuta a Google Docs ko Word, ki fitar da shi a PDF. Gboard, manhajar rubutu ta Google a waya, na da madannin Hausa mai ƙ, ɗ, ɓ. Sai dai ba kowane salon harafi ne ke ɗauke da su ba, don haka ki buɗe fayil ɗin a wayar wani kafin ki sayar. Sau da yawa "ƙarfe" kan koma ɗan akwati da "arfe" a bayansa.

Kafin ki rubuta duka, ki sanar da take da farashi, ki ga ko mutum biyar za su ce suna so. Za a tura wa waɗanda ba su biya ba, wannan babu makawa. Maganinsa ki haɗa littafin da abin da ba a turawa, kamar zaman amsa tambayoyi na masu saye kaɗai.

Kamasho da aikin biya fa?

Amazon na rufe asusun kamasho in ba a yi ciniki uku ta hanyarki cikin kwana 180 na farko ba, don haka kada ki buɗe kafin ki tara masu sauraro. Ki riƙa faɗa a fili cewa kina da kaso. Fiverr kuma, dandalin da ake samun aikin biya a intanet, kashi 20 cikin 100 yake cirewa, kuma sabon mai aiki kan jira kwana 14 kafin ya iya cire kuɗinsa. Ki sa wannan a lissafi kafin ki yanka farashi.

Zan iya nuna 'ya'yana a bidiyo?

Kina iyawa, amma gara hannu da aiki su fito, fuska ta tsaya a gida. Abin da ya hau intanet ba ya saukowa, kuma yaron bai kai ya ce e ko a'a ba. Kayan makaranta, lambar gida, lokacin fita da dawowa, duk alamu ne ga wanda ba ki sani ba. Faransa ta yi doka a 2020 kan yaran da ake samun kuɗi da bidiyonsu, jihar Illinois ta Amurka ma tata ta fara aiki a 2024, kuma duka biyun sun tanadi a ajiye wa yaron rabonsa.

Akwai kuma bambanci tsakanin bidiyon da aka yi wa iyaye da wanda aka yi wa yara. Tun Janairun 2020 dole ki bayyana wa YouTube wanne ne. Na yara ba a saka masa tallar da ke bin sha'awar mai kallo, kuɗinsa kan ragu.

Me ke jawo a rufe wa mutum asusu, ko a cuce shi?

Waƙa ko bidiyon wani ba da izini ba: gargaɗi uku na haƙƙin mallaka, tashar ta tafi. Kwaso bidiyon mutane a haɗa ba tare da ƙara komai ba yana hana a karɓe ki tun farko. Danna tallarki da kanki, ko sa 'yan'uwa su danna, na'urorinsu na ganewa. Sayen mabiya kuma asara biyu ce, domin ba sa kallo, awanninki ba sa motsi.

Damfara kuwa alamarta ɗaya ce: a ce ki fara biya kafin a ba ki aiki, ko ki kawo mutum uku kafin ki cire kuɗinki. Wata kuma takan zo a saƙon "kamfani" mai son ki yi masa talla, da fayil a maƙale wai yarjejeniya ce. Buɗe shi na iya miƙa musu tashar gaba ɗaya. Ki duba adireshin da saƙon ya fito, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato neman lamba bayan kalmar sirri kafin a shiga asusunki, kuma lambar da aka turo wayarki kada ki karanta wa kowa.