Direbobin katafila a gobarar daji: me ke kashe su alhali suna cikin ƙarfe?

Me katafila take yi a wajen gobara tun farko? Ba ruwa ake kashe wuta da shi ba?

A cikin gari ruwa ne, amma a daji irin na jihar Kalifoniya a Amurka inda wuta take cin tsaunuka sati da sati, ruwa kaɗai ba ya isa. Abin da ake yi shi ne a hana wutar abinci. Katafila, irin manyan nan da ake kira D6 da D8, sai ta sa bakinta a ƙasa ta kankare ciyawa da itatuwa har sai jar ƙasa ta fito, ta yi doguwar hanya a gaban wutar, in wuta ta iso ta rasa abin ci sai ta tsaya. Kamar dai yadda manomi yake share gefen gonarsa lokacin hunturu saboda masu ƙona daji, sai dai wannan a kan tsauni ne, cikin hayaƙi, sau da yawa ma da tsakar dare.

To ai yana cikin ƙarfe, wane haɗari kuma?

Nan ne fa mutane suke ruɗuwa, har su direbobin wani lokaci. Babban abin tsoro ma ba wutar ba ce kaɗai, kifewa ce. A watan Yulin 2016, a gobarar Soberanes kusa da yankin Big Sur a gaɓar tekun Kalifoniya, Robert Reagan ɗan shekara 35 yana aikin dare katafilarsa ta kife a gangare, binciken da aka yi ya nuna bai ɗaura bel ba, motar ta wurgo shi waje ta danne shi. Wannan abu yana taɓa ni wallahi, domin ɗakin direban an yi masa ƙarafan da ko motar ta juya ba za su lotse ba, amma duk amfaninsu sai in mutum yana ɗaure a kujera.

Bayan shekara biyu, ranar 14 ga Yulin 2018, Braden Varney na hukumar kashe gobara ta Cal Fire, shekararsa 36, katafilarsa ta gangara cikin wani kwazazzabo a gobarar Ferguson kusa da gandun Yosemite. Ba sabon shiga ba ne ko kaɗan, mahaifinsa ma aikin da ya yi kenan a hukumar, wurin kuma ya yi tsauri har sai da aka ɗau kwanaki kafin a fito da gawarsa. Wato ko gwani ne, in ƙasa ta zame a ƙarƙashin sarƙar motar shi kenan.

Wutar ita kanta fa, tana cim musu?

Sosai ma. Katafila ba ta da gudu, in iska ta juya wuta ta fi ta sauri nesa ba kusa ba, ga busasshen ganye da ke taruwa a ƙarƙashin inji yana iya kamawa, ga robobin man haidirolik in suka narke motar ta tsaya cak, gilashi kuma zafi yana fasa shi. A gobarar Carr kusa da garin Redding, ranar 26 ga Yulin 2018, wuta ta rutsa da Don Ray Smith, dattijo da ya haura shekara 80 yana aikin kwangila da katafila, ya rasu a wurin. A wannan yammacin ne kuma wutar ta tayar da guguwa mai gudun da ya kai kilomita 230 a awa, ta bi ta kan wasu katafilolin ta farfasa musu gilasai.

Akwai labule mai ƙyalli da ake saukewa a tagogi don kare zafi, akwai ɗan tantin da mutum yake shiga ya kwanta a ƙasa, amma waɗannan na ƙarshe ne, in an kai ga su to an riga an makara.

Wane tanadi ake yi?

Ƙa'idar masu kashe gobarar daji a Amurka abu huɗu ce: mai gadi da yake kallon wutar daga nesa, rediyon da ke aiki, hanyar gudu, da filin tsira da aka sani tun kafin a fara. Direba yana da wata dama da sauran ba su da ita, zai iya kankare wa kansa filin tsiran da motarsa, in dai ya fara da wuri. Sannan ya kamata a samu mutum a ƙasa mai duba hanya yana masa jagora, saboda daga kujera, da ƙura da hayaƙi da duhu, ba ya ganin ramin da ke gabansa. Ma'aikatan ƙafa kuma ana ce musu su ba da tazarar wajen mita 30 ta gaba da mita 15 ta baya, kuma kada kowa ya tsaya ƙasan gangaren da katafila ke aiki don duwatsu suna mirginowa.

Laifin direbobin ne kenan?

Ni dai ban yarda a tattara komai a ɗora musu ba. Bel kam hakkin direba ne, babu uzuri. Amma wa ya tura shi gangaren da ba a duba da rana ba, wa ya bar shi awanni yana aiki ba barci, shi kaɗai babu mai jagora? Da yawansu 'yan kwangila ne masu zaman kansu da ake kira in wuta ta yi yawa, horonsu bai kai na ma'aikatan hukuma ba, kuma mutumin da ya san in ya ce ba zai hau ba ƙila gobe ba za a kira shi ba, da wuya ya buɗe baki. Shi Reagan ma daga baya aka gano kamfanin da ya ɗauke shi bai yi masa inshorar ma'aikata ba, ga mata da yara ya bari. Ƙa'idar aikin a Amurka ta ba kowane ma'aikacin gobara damar ƙin aikin da ya ga babu tsaro a ciki, abin da ya rage shi ne shugabannin aikin su nuna a fili cewa wanda ya ƙi ba zai rasa kwangilarsa ba.